Na gama God of War 3, amma akwai abin da ya tsaya min a rai game da Kratos, jarumin gem ɗin

Ɗan Fagge:
Slm 'yan gida. Na dai gama God of War 3 ɗin nan da kuka ishe ni da zancensa, na PS4 wanda aka sabunta a 2015, ba na asalin da ya fito a PS3 a 2010 ba. Wanda bai buga ba kuma ba ya son a tona masa labari gara ya wuce tun yanzu, don yau sai na fasa ƙwai.

Gaskiya ban taɓa buga gem ɗin da ya buɗe da ƙarfi irin wannan ba. Ba sallama ba gaisuwa, kana shiga sai ka tsinci kanka a jikin Gaia, wata ƙatuwar halitta da duwatsu da bishiyoyi a jikinta, tana hawan dutsen Olympus, mazaunin allolin tatsuniyar Girka, kai kuma kana faɗa a kan hannunta tana motsi, inda kake tsaye yanzu ya juye ya zama bango, anjima ya sake juyewa ka koma kana reto ta ƙasa, ga dokin ruwan Poseidon sarkin teku, mai ƙafafun ƙaguwa, yana huda ta ta ko'ina. Wlh baki buɗe na buga wajen. Kuma dukan yana da nauyi, wannan shi ne abin da ya fi burge ni. In Kratos ya wurga wuƙaƙen nan masu sarƙa suka sauka a jikin abu za ka ji hoton ya ɗan tsaya na ƙiftawar ido, ƙarar ta cika ɗaki, pad ya girgiza a hannunka, sai ka ji kai ne ka kai dukan da ƙarfinka.

To amma ga inda matsalata take. Muddin dodanni nake sara ba ruwana, ko an farke cikin mai jikin dokin nan hanji ya zubo, ko an zaƙulo wa mai ido ɗaya idonsa, dariya ma nake. Sai da aka zo kan masu roƙo. Poseidon bayan ka kayar da shi sai kamara ta koma cikin idonsa, wato kai kake kallon Kratos yana tahowa kanka yana buga kanka da dutse, a ƙarshe a ce ka danna L3 da R3 tare, wato manyan yatsunka biyu su nutsa cikin pad daidai lokacin da na Kratos suke nutsawa cikin idon mutumin. Sun san abin da suke yi mutanen nan. Helios mai riƙe da rana yana kwance ya karye ba ya iya tashi, ka tsige masa kai da hannu fata tana yagewa a hankali, sannan ka mayar da kan fitilar da za ka riƙa haska hanya har ƙarshen gem. Hermes ka sare masa ƙafafu ɗaya bayan ɗaya saboda takalmi kawai.

Wanda ya fi tsaya min shi ne yarinyar nan ta fadar Poseidon. Ba ta zage ka ba, ba ta da makami, a ɗaure ka same ta, kai ka kwance ta ka ja ta tana kuka, ni har na ɗauka ceto ne, ashe ƙofa ce ba ta tsayawa a buɗe sai an tokare injin da ke ɗaga ta, ita ce abin tokarewar. Kana wucewa ka ji ihu. Kuma babu wata hanya, in ba ka yi ba gem ba zai ci gaba ba. Daga nan na daina jin ni ne akta, na koma jin bos nake bugawa. Shi ne nake tambaya, masu gem ɗin so suke ka ƙi Kratos ko so suke ka yi masa tafi? Don ni na ga suna son su ci biyun duka.

Sadik PS:
Hhhh Ɗan Fagge ashe zuciyar taka ba ta da ƙwari. Mutumina gem ɗin ramuwar gayya ka saya fa ba na noman tumatir ba.

Ɗan Fagge:
Ba maganar ƙwarin zuciya ba ce oga. Na buga Mortal Kombat tun ina makaranta, har wanda aka saka Kratos ɗin a ciki a 2011. A can wanda ka yayyaga shi ma da ya samu dama kai zai yayyaga. Nan fa wasu ba faɗa suke da kai ba.

Sadik PS:
To ai da na uku ka fara shi ya sa. Ka koma na farko na 2005 a PS2 ka ga daga inda abin ya taso. Kratos janar ne na sojojin Sparta, an kusa kashe shi a fagen yaƙi ya kira Ares, abin bautarsu na yaƙi, ya ce ka cece ni na zama bawanka. Ares ya ɗaure masa sarƙoƙin nan a hannu da wuta, daga baya ya yaudare shi ya kai hari wani ƙauye, cikin haukan kisa ya kashe matarsa da 'yarsa Calliope da hannunsa bai sani ba. Farin da kake gani a jikinsa ba fenti ba ne, tokar gawarsu ce aka tsine masa ta manne a fatarsa. Ya yi wa allolin Olympus bauta shekara 10 don su cire masa mafarkin abin, ya kashe musu Ares, suka ce mun yafe maka zunubi amma mafarkin yana nan. A na biyu na 2007 Zeus sarkin allolin da kansa ya yaudare shi ya soke shi da takobi, Zeus ɗin da daga baya aka gano ubansa ne. Mutumin da aka yi wa duk wannan kake so ya tsaya tambayar lafiyar mutane a hanya?

Ummi Pad:
Yaya Sadik duk abin da ka lissafa gaskiya ne amma ba wanda ya shafi yarinyar da ake magana. Ita ce ta kashe masa mata? Kuma tunda ka kawo na farko, ka manta kaftin ɗin jirgin ruwan nan? Mutum yana rataye a maƙogwaron macijiya yana godiya an zo cetonsa, Kratos ya fizge mukullin da ke wuyansa ya sake shi ya faɗa ciki. Ga sojan da ke cikin keji da kake turawa har gaban wuta yana roƙonka ka ƙone shi don ƙofa ta buɗe. Tun can halinsa ne, ba Zeus ya koya masa ba.

Sadik PS:
Anti Ummi ke ma kin buga ashe, na ɗauka kallo kawai kike a bayan yayyenki 😂

Ummi Pad:
Ni na gama musu na biyu a gidanmu lokacin da suka kasa wuce 'yan'uwa matan nan masu juya ƙaddara. Ka tambaya.

Injiniya Bash:
Bari na shigo nan don tambayar Ɗan Fagge tana da kyau kuma ina ga amsar tana cikin gem ɗin kansa in ka lura da bayan fage ba jinin kawai ba. Duk wanda Kratos ya kashe a cikin manyan nan sai duniya ta biya kuɗin. Ya kashe Poseidon teku ta yi ambaliya ta cinye garuruwa. Ya kashe Hades sarkin lahirarsu rayukan matattu suka ɓalle suna yawo ba mai tsare su. Ya cire kan Helios rana ta ɓace sai hadari da ruwa. Hermes ya mutu annoba ta fita daga gawarsa ta bi mutane. Ya karya wuyan Hera duk tsirrai suka bushe. In ka tsaya a wuraren da ake hango ƙasa daga sama za ka ga yadda komai yake lalacewa a hankali, kuma talakawan da ba su san hawa ba su san sauka ba su ne ke gudu suna ihu a titunan Olympia, har ma in ka sare su gem ɗin ya ba ka koren hasken ƙarin lafiya. Don haka ni a ganina Santa Monica Studio ba su ɓoye maka cewa mutumin nan bala'i ne ba. Na uku ma ba David Jaffe da ya ƙirƙiro shi ne ya ja ragamarsa ba, ba kuma Cory Barlog na na biyu ba, Stig Asmussen ne, kuma aikin da aka ba shi shi ne ya rufe labarin, to ya rufe shi da nuna cewa ramuwar ta cinye kowa har da mai yin ta.

Ɗan Fagge:
Injiniya na ga duk wannan, amma kai ma ka faɗa da bakinka, ka sari talaka a ba ka lafiya. Wato da baki suna cewa abin ba kyau, da hannu kuma suna ba ka tukwici. In da gaske so suke na ji nauyin abin me ya sa kamara take matsowa kusa a rage gudun hoto a saka kiɗa mai tashi duk lokacin da ake yanka wani? Wannan ai ado ne aka yi wa kisan.

Injiniya Bash:
Wannan kam ba zan musa maka ba. Kasuwa ce. A 2010 abin da suke son nunawa shi ne ƙarfin PS3, jijiyar wuya, tsagewar fata, jinin da ke taruwa a jikin Kratos yana faɗa. Har maɓallan da ake cewa ka danna sun kwashe su daga tsakiyar sikirin sun kai gefe-gefe, tirayangul a sama, eks a ƙasa, sikwaya hagu, da'ira dama, yadda suke a pad, don kawai kada su tare maka kallon abin da ake yi wa mutum. Amma ka tuna ƙarshen faɗan Zeus? Kamara ta koma idon Kratos kana naushi da da'ira jini yana fallatsa har sikirin ya rufe ja ba ka ganin komai, kuma gem ɗin ba zai ce ka tsaya ba, kai za ka gaji ka cire hannu. Ni nan na ga kamar tambayarka suke, to kai yaushe za ka ƙoshi.

Sadik PS:
Ni sai da yatsana ya yi ciwo na bari wlh 😂😂

Ummi Pad:
Ka ga irinta ko Injiniya. Kai ka ga tambaya, shi ya ga gasar danna maɓalli.

Ɗan Damagaram:
Salamu alaikum mutanen Najeriya. Mu nan Zinder yawancinmu a portabul muka san Kratos, da manhajar PPSSPP, Chains of Olympus da Ghost of Sparta. PS3 sai a wurin masu salle, wato gidan gem, kuma kuran, wutar lantarki, ba kullum ba. Wai akwai hanyar saka na ukun nan a waya? Na ga bidiyo da yawa suna cewa akwai.

Injiniya Bash:
Wa alaikumus salam ɗan uwa. Babu, kada ka ƙona datarka. PPSSPP na gem ɗin PSP ne kaɗai, kuma God of War biyu ne suka fito a PSP, Chains of Olympus a 2008 da Ghost of Sparta a 2010, kamfanin Ready at Dawn ya yi su. Abin da masu bidiyon nan suke bayarwa ɗaya daga cikin biyun nan ne aka canja wa Kratos kaya aka sauya hoton farko. Na ɗaya da na biyu na PS2 suna tafiya a waya mai ƙarfi da AetherSX2. Na uku kuwa sai PS3 ko PS4 ko PS5, ko kwamfuta mai ƙarfi sosai da RPCS3, ita ma ba kowace lafto ba.

Ɗan Damagaram:
To madalla na gode. Amma kan muhawararku, wanda ya buga Ghost of Sparta zai fi jin tausayin mutumin nan. A can ne ka ga ƙanensa Deimos da aka sace suna yara saboda wani zane a jikinsa, shi ya sa ma Kratos ya yi jan zanen nan a nasa jikin don tunawa da shi. Kuma uwarsa ta rikiɗe ta zama dodo a gabansa dole ya kashe ta. Ba kare shi nake ba amma wanda bai ga wannan ba rabin labari ya sani.

Baban Ilham:
Ku yi haƙuri na katse ku, ni damuwata daban ce. Ku duk manya ne, kun san tatsuniya kun san gaske. Rannan na je ɗauko yarona a wani gidan gem a unguwarmu, na tarar da yara da ba su wuce 'yan firamare ba sun yi cincirindo a bayan wani saurayi yana buga wajen Hercules ɗin nan, inda ake ta nausar fuskarsa da ƙarfen kan zaki har fuskar ta lotse ta zama ba fuska ba, ɗakin kamar kwata ranar jajiberin salla, yara suna ihu suna ƙara masa ƙara masa. Mai shagon yana bakin ƙofa yana danna waya. A jikin kwalin gem ɗin nan an rubuta 18 a na Turai, na Amurka kuma harafin M wato daga shekara 17. Waɗanda suka yi shi ma ba su yarda 'ya'yansu ƙanana su gani ba, mu kuma da kuɗin alawa yaro zai shiga ya zauna.

Mai Gidan Gem:
Baban Ilham ka yi magana amma kada a haɗa mu duka a kwando ɗaya. Ni shekara da shekaru ina wannan sana'ar, kuma wlh yawancin kuɗina daga ƙwallo yake shigowa, PES da FIFA, mutum biyu su buga wasa ɗaya su tashi wasu su zauna. God of War asara ce ma a wurina don mutum ɗaya zai riƙe inji ya hana layi tafiya ga janareta yana shan mai. Ina da shi a inji ɗaya a lungu kuma sai bayan isha nake bari a kunna, lokacin yara sun watse. Amma tsakani da Allah mu ne za mu yi muku tarbiyya? Yaro ya fito daga gida tun bayan azahar har magariba ba wanda ya neme shi. Kuma ko na kore shi, a wayar yayansa zai gani.

Baban Ilham:
Ban ce kai ba yallaɓai, kuma na yarda laifin ya fi yawa a wurinmu iyaye. Amma ko a Amurka sai da majalisar dattawansu ta zauna kan Mortal Kombat a 1993 kafin a kafa hukumar ESRB mai saka alamar shekaru a 1994. Su aƙalla suna da abin da mai shago zai duba. Mu nan gem a cikin inji ake loda shi, ba kwali ba alama, uba bai ma san sunan abin da ɗansa yake kallo ba.

Sadik PS:
Baba da girmanka, amma mu da muka taso muna buga waɗannan abubuwan wa muka kashe? Masu ƙwacen waya a gari God of War ne ya koya musu? Yawancinsu ko pad ba su iya riƙewa ba.

Baban Ilham:
Sadik ban ce zai mayar da yaro ɗan daba ba, kada ka saka min magana a baki. Cewa na yi akwai abin da idon yaro bai kamata ya saba da shi ba. Nawa da ya kalla a daren sai da ya dawo ɗakin uwarsa ya kwana.

Malam Na Layi:
Kuna ta jini jini kun tsallake wani abu kuma na san da gangan ne. Ɗakin Aphrodite fa? Da tsiraicin da ke cikin gem ɗin tun daga na farko? Ɗan Fagge ka ba mu labarin ido da kai da ƙafa amma nan ka yi shiru.

Ɗan Fagge:
Hhhh malam wannan wajen ba dole ba ne, kana iya wucewa ba ka tsaya ba, na wuce abina.

Malam Na Layi:
Wasan ne ba dole ba, amma shiga ɗakin dole ne kuma abin da ido zai gani ya gani. Ni maganar allolin Girka ba ta ɗaga min hankali sosai a kan babba mai hankali, gumaka ne na mutanen da, kuma gem ɗin ma nuna su yake a matsayin maƙaryata matsorata masu cin amanar juna da ake bi ana karkashewa, ba wanda zai buga ya fito yana sha'awar bauta wa Zeus. Amma yaro ƙarami da bai gama sanin tauhidi ba yana jin ana ta kiran wannan da wancan abin bauta, wannan abin dubawa ne. Tsiraici kuwa ba babba ba yaro. Sai na uku, lokaci. Mutum ya ce bari na kai wajen sebin, inda gem ke adana inda ka tsaya, la'asar ta wuce yana neman wajen sebin.

Admin:
Jama'a a ci gaba amma ban da fatawa a nan, mai neman hukunci ya je wurin malamai. Kuma wanda ya turo hoton kan Helios na goge, akwai masu buɗe guruf a gaban yara.

Ummi Pad:
Ni abin da ya sa nake ganin Ɗan Fagge yana da gaskiya shi ne su kansu masu gem ɗin sun dawo sun yi ta fama da abin da suka shuka. Ku duba na 2018. Cory Barlog ya dawo ya ɗauke Kratos daga Girka ya kai shi ƙasar sanyi ta mutanen arewacin Turai, ya tsufa ya tara gemu, yana da ɗa Atreus, matarsa ta biyu ta rasu za su kai tokarta kan dutse mafi tsawo. Duk tafiyar ɓoye wa yaron ko shi waye yake yi don kunya. Hannayensa a naɗe da tsumma don rufe tabon sarƙa. Wajen da yaron ya kwanta ciwo dole ya koma gida ya ɗaga katakon ƙasa ya ciro tsofaffin wuƙaƙen nan, wlh ban taɓa jin tsigar jikina ta tashi a gem irin wajen ba, kuma ba don murnar makami ba, don ka ga mutum yana ɗaukar abin da ya fi tsana a rayuwarsa saboda ɗansa. Wannan gem ɗin ne ya ci kyautar gem ɗin shekara a 2018. Sannan a Valhalla, ƙarin da suka saki kyauta a Disamba 2023 a kan Ragnarök, wanda ya biyo bayan na 2018, kan Helios ɗin da kuke magana ya dawo yana yi masa gori, har maganar kaftin ɗin jirgin nan sai da aka tayar. In da suna ganin abin da ya yi daidai ne ba za su zaunar da shi yana ba da amsa ba.

Sadik PS:
Ni fa wannan sabon bai yi min ba gsky. Kamara a manne a kafaɗa ba ka ganin na bayanka sai wata kibiya tana ja, an cire tsalle gaba ɗaya, ana ta tafiya a kwalekwale ana hira da wani yankakken kai a rataye a ƙugu. Gatarin yana da daɗi ban ƙi ba, yadda kake jifa ka danna tirayangul ya dawo hannunka da ƙara. Amma a tsohon kamara tana nesa kana ganin filin duka, abokan gaba sun kewaye ka ka juya sarƙa ta share su, analog na dama ka mirgina duk inda kake so. Wancan shi ne sara da suka na gaske, sabon rabinsa fim ne.

Injiniya Bash:
Sadik in sara da suka na gaske kake nema ai ba God of War ba ne sarki. Sikwaya sikwaya tirayangul kawai zai kai ka ƙarshe a matakin God, wato matsakaicin wahala. Je ka Devil May Cry na Capcom ko Ninja Gaiden ka ga inda ake auna gwaninta, a Devil May Cry in kana maimaita kwambo ɗaya maki ma ba za a ba ka ba. Abin da God of War ya fi su shi ne girma da tsari. Faɗan ƙaton nan Cronos kaɗai ya isa misali, kai ɗan mitsitsi a jikin yatsansa yana neman murƙushe ka tsakanin yatsu biyu, ka tsige masa farce, ya haɗiye ka, ka farke cikin ka fito. Ba wani kwambo mai wahala a wajen amma ba ka mantawa.

Sadik PS:
A matakin God ka ce. Saka matakin Titan ko Chaos masu wahala ka zo ka yi min sikwaya sikwaya tirayangul a gaban akuyoyin nan masu sanda mu gani.

Ɗan Fagge:
Kai akuyoyin nan Allah ya isa. Su ne suka fi ba ni wahala fiye da Zeus kansa. Amma Injiniya Cronos ma cikin lissafina yake, shi ma cewa ya yi a ƙyale shi tunda an samu abin da ake nema. Da Peirithous da ke ɗaure a lahirarsu ya ce ka sake ni na ba ka baka, Kratos ya kawo kare mai aman wuta ya ƙone shi ya ɗauki bakan. To sai gashi a ƙarshe wai mutumin nan ya ga yarinyar nan Pandora ya tuna 'yarsa zuciyarsa ta yi laushi, har wai shi ne ke ɗauke da fata nagari a cikinsa tun tuni, ya soki kansa ya saki wa mutane. Waɗanne mutane? Ai ya gama da su. Wannan juyin bai zauna min ba sam, an yi shi da gaggawa. Da sun bar shi mugu har ƙarshe da na fi girmama labarin.

Ummi Pad:
Nan kam muna tare. Pandora ba ta daɗe a gem ɗin ba balle ka shaƙu da ita, yawancin lokacin ma jan ta kake a cikin akwatunan Daedalus kana hana ta nutsewa a ruwa.

Injiniya Bash:
Ni ma ƙarshen bai gamsar da ni ba. Amma lambun Hera da ake haɗa matakala ta hanyar canja inda kake kallo, wannan dabara ce mai kyau, a yaba inda ya dace. Wajen kiɗan garaya ne kawai ban san wa ya kawo shawararsa ba.

Auwal Sabo:
Don Allah tunda an zo maganar akuyoyi ku taimaka min, ni a nan na maƙale. Wajen ƙaton karen nan mai kai uku kusa da alƙalai uku, wanda yake tofo ƙananan karnuka masu fashewa. Ina cire kai ɗaya sai akuyoyin su fito su gama da ni. Titan nake bugawa.

Sadik PS:
Yauwa ga magana. Kada ka taɓa sihirinka a farkon faɗan, ka ajiye shi sai akuyoyin sun fito. Ƙananan karnukan kada ka tsaya saransu, kama su da da'ira ka shure su su koma kan uwarsu su fashe a can, kana yi kana zagaye ba tsayawa. In akuyoyin sun fito ka bar karen ka fara da su, ka riƙa kama su da da'ira don lokacin kokawar sandan ba abin da ke taɓa ka sosai, in sun taru maka ka saki R2 na sojojin Sparta da wuƙaƙen farko, garkuwoyin suna rufe ka. L3 da R3 na fushi ka bar shi sai kan ƙarshe. Kuma ka duba ko ka cika ƙarfin ƙarfen Hercules, in jajayen hasken ƙara ƙarfin makami naka ka watsa su a bulalar Hephaestus to ka wahalar da kanka.

Auwal Sabo:
Bulalar na cika kuwa 😭

Sadik PS:
To sai haƙuri, haka za ka yi ta. Ka rage matakin wahalar in ya tambaye ka, ba wanda zai sani sai mu.

Mai Gidan Gem:
Auwal in kana cikin gari kawo sebin ɗinka a filashi bayan isha, akwai yaron shagona da yake wuce wajen nan ko a Chaos. Amma ka zo da kuɗin mai.